Furfurar Ƙeya

Litinin, 9 ga Oktoba

Yau ma ba a ɗauke ni ba. Tun asuba nake tsaye ƙarƙashin gada tare da sauran leburori. Ɗan kwangila ya sauko daga mota, ya dubi fuskata, ya zagaya bayana, ya ce, "Baba, je ka yi renon jikoki." Aka kwashe da dariya. Jikokin uban wa?

Manyan kamfanonin gini sun daina ɗaukar wanda ya haura sittin, wai don lafiyarmu. Ikon ƙarfi! Ƙarƙashin gada kaɗai ya rage, inda ba a tambayar katin shaida, gashi ake kallo. Shi ya sa ni, Dou Mancang, mai shekara sittin da huɗu, nake rina kaina da tsohon buroshin haƙori kamar mai neman aure.

Laraba, 11 ga Oktoba

Matata Guizhi ta bugo daga ƙauye. Gwiwarta ta ƙara kumbura, da kujera take jan jiki zuwa madafa. Likita ya ce a yi mata aikin tiyata kafin sanyi ya shiga, in ba haka ba ta zauna ke nan. Inshorarmu ta manoma ko rabi ba za ta biya ba. Ta ce, "Tsoho, kana dai cin abinci?" Na ce har da nama. Mantou biyu, burodin nan da ake turarawa, na ci da ruwan zafi.

Asabar, 14 ga Oktoba

Babu. Ɗan kwangilar yau ma sai da ya zagaya bayana. Doro ne da ni ban sani ba?

Lahadi, 15 ga Oktoba

Ƙanena Manjiang ya matsa sai na je cin abinci gidansa. Na je, da ban je ba.

Shekara biyu na ba shi. Lokacin da Baba zai bar masaƙa, ɗa ɗaya aka yarda ya gaji gurbinsa, da takardar zama ɗan birni. Baba ya ce ni ne mai ƙarfi, in riƙe gona. Shi ke nan. Ƙarfina ne ya cuce ni. Yau fanshon Manjiang ya haura yuan dubu huɗu a wata, nawa bai cika ɗari biyu ba. Wai su sun yi wa ƙasa aiki. Mu fa? Alkamar da muka yi ta turawa rumbun gwamnati a amalanke, mai kyan muka kai, dusar muka ci, wa ya cinye ta? Aljanu?

Gashinsa fari tas, a taje, yana sheƙi. Matarsa ta ce furfura kwarjini ce, ba ta gane masu ɓoye ta ba. Ta faɗa tana kallon kaina. Sai kuma labarin rawar da suke yi a dandali da yamma, da tafiyar da za su yi ganin teku. Shi kuma yanzu rubutu yake koya da ruwa a kan daɓen lambu. Da ruwa! Ya rubuta, rana ta shanye, ya dawo gida ya gaji.

Da zan fita ya cusa min ambulan a aljihu. Na ajiye masa a kan takalmansa. Ban zo bara ba. Da gurbina zai mayar min, da na karɓa.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Rabin yini na samu, sauke buhunan siminti. Gumi ya gangaro da baƙi har wuyan riga. Rinin mai arha ne.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Na kasa bugo wa Guizhi. In ce mata me?

Litinin, 23 ga Oktoba

Ranar Tsofaffi. Wata mota ta wuce ta kan gada cike da 'yan fansho, duk da jajayen huluna, za su hau dutse shan iska. Muna ƙasa muna kallo. Mu ba tsofaffi ba ne ai, mun rina.

Can sai ga Manjiang da jarkar man gyaɗa da masaƙa ta raba musu. Wa ya nuna masa wurin, oho. Ya tsaya cikin leburori da fararen takalma, kowa ya zaci ɗan kwangila ne, aka yanyame shi. Na ja shi gefe, na ce, "Ka zo kallo ne?" Na juya zan tafi, sai ya riƙo hannuna.

"Yaya, wa yake rina maka?"

"Ina ruwanka?"

"Ƙeyarka fa fara ce fat. Gaba saurayi, baya kaka."

Na tsaya kamar an dasa ni. Madubin ɗakina bai fi tafin hannu ba, kuma a gida Guizhi ce take yi min bayan. Ashe abin da suke zagayawa su gani ke nan. Kuma 'yan banzan nan da muke tsayuwa tare, ko ɗaya bai faɗa min ba, don ragowar mutum ɗaya gurbi ne a mota.

Na ce ya ɗauki mansa ya ba ni wuri. Kunya ce ta sa, na sani.

Talata, 24 ga Oktoba

Da yamma ya ƙwanƙwasa. Ya zo da rini mai tsada da safar hannu ta leda, da jarkar man nan. Ɗakin ba kujera, na zauna kan bokiti, shi yana tsaye a bayana. Na ce, "In ka ɓata min riga sai ka biya." Ya ce, "Sunkuya, Yaya."

Ya fara shafa rinin daga ƙeya. Yana tsefe gashin a hankali, sai ya ce, "Wannan tabon na ranar da ka faɗo daga amalanken alkama ne." Na ce ashe yana tunawa. Ya ce, "Ina tuna wanda ya ci alkamar ma." Muryarsa ta yi wani iri. Ban ɗago ba, an ce in sunkuya.

Laraba, 25 ga Oktoba

An ɗauke ni! Aikin daɓe, har ƙarshen wata mai zuwa. Ɗan kwangilar ya zagaya, ya ce, "Hau, ɗan'uwa."

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Har yanzu raina a ɓace yake, kada a ce na huce. Ba daidai ba ne mai furfura ɗaya ya je teku, ɗaya ya ɓoye tasa don ya ɗauki siminti. Zan faɗa har in mutu.

Manjiang ya zo ya ƙara min rinin, farin ya soma leƙowa. Bai je tekun ba. Bayan ya tafi na ga ambulan ɗin nan cikin kwalin rini. An sa wa Guizhi ranar tiyata. Gwiwar tata ce, ba tawa ba, ba ni da ikon mayarwa.

Man gyaɗan ma ba laifi. Na ce masa in zai dawo ya taho da kujera, tsayuwar tana ba shi ciwon baya.