Arba'in da Bakwai Ta Isar Mini

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jaririnku. Mu nan kowa lafiya. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har ya koma shago, Mama kuma tana nan da ɗinkinta.

Yaya, abin da ya sa na rubuto shi ne maganar Aku, 'yar Gwaggo, wadda muke benci ɗaya da ita. Kin san ƙungiyarmu ta lissafi mutum ɗaya za ta tura gasar makarantu. Dokar Malam kuwa ita ce, mai son kujerar ta rubuta babbar lamba a allo, irin wadda ba ta rabuwa sai da ɗaya da ita kanta. Idan wata ta kawo abin da ya raba ta, mai lambar ta goge da hannunta, kujera ta zama ta wadda ta fasa lambar.

Tawa 524,287 ce. Ana samun ta idan aka jera biyu sau goma sha tara, aka ninninka, aka cire ɗaya. Na yi ta gwada ta da ƙananan lambobi marasa rabuwa har ɗari bakwai da 'yan kai, yatsana har ya yi kanta, babu wadda ta shige ta. Da murnata na faɗa wa Aku a hanyar gida. Ranar taro, ina haɗa ƙarfin halin miƙewa, sai ga ta a gaban allo tana rubuta lambata. Aka yi mata tafi. Da na yi mata magana a waje, cewa ta yi wai lamba ba ta da uwa, kuma mai jin kunyar ɗaga hannu me za ta je yi gasa. Na sha kuka, amma ban bari ta gani ba.

A zama na gaba Malam ya ce ta kawo wadda ta fi girma, a tabbatar. Ita a tunaninta, tunda jera biyu sau goma sha tara ya yi, sau ashirin da uku ma zai yi. Ta rubuta 8,388,607, har da ja mata layi biyu. Ni kuwa tuni na gwada wannan, na san inda take yoyo, kuma da ta nuna mini ita a aji na ce ta yi kyau. Malam ya tambaya ko akwai mai ja. Sai na miƙe, na ce, “A raba da arba'in da bakwai.” Ita ya ba alli. Tana rabawa tana gumi, har ta sauko ƙasa, 178,481 cif, babu saura. Ban ɗauke idona daga kanta ba sai da ta goge lambar tas.

Gwaggo ta zo gida tana faɗa, wai na tozarta 'yar'uwata a bainar jama'a. Mama ta ce in je in ba da haƙuri, ta kuma ce za ta sa ki yi mini magana. Don Allah Yaya kada ki sa baki, domin ba na son in ƙi jin maganarki, kuma wannan karon zan ƙi. Kujerar tawa ce, ni zan je gasar.

Ki gaishe mini da maigidanki da Kawu da iyalinsa, ki sumbaci jaririn. Auta yana gaishe ki.

Taki har kullum,
Ƙanwarki