Hoton Iklima a Ƙofar Ɗakin Bauta

Yaya Halimatou,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya a Talladjé. Unguwar da muke a bayan birni nan Amirka rabinta Indiyawa ne, sai Turawa da Sinawa, mu 'yan Nijar ba mu cika gida goma ba. Lakwal ɗin gwamnati, makarantar da 'yata Iklima ke zuwa, ta kwashi ajinsu zuwa ɗakin bautar 'yan Hindu, wai su san maƙwabta. An ɗauke ta hoto a ƙofar, ba takalmi, tana dariya. Hoton ya zaga wayoyin mutanenmu, Alhaji Issoufou shugaban ƙungiyarmu ya ƙi ba ni hannu a masallaci. Zan turo miki Iklima riƙo. Mamanta Safiya na ta kuka, amma uwa ce, za ta haƙura.

Ƙanenki, Nassirou

Nassirou,

Muna amsawa. Kai dai ba ka sake hali ba, tun kana yaro tarin mutum ke sa ka zawo. Yarinya ta tuɓe takalmi a ƙofar mutane, ladabin da muka koya mata ke nan, ina laifin? Ta yi sujada ne? Kai da ke yini kana jigilar Indiyawan nan a taksi zuwa wurin, ba ka kafirta ba, sai 'yar shekara goma sha ɗaya? Lakwal ɗin kartiyenmu, nan unguwarmu, rumfar zana ce, yara a ƙasa kamar tumatir a kasuwar Lazaret. Nan za ka kawo ta don Issoufou ya ba ka hannu? Wallahi ka ba ni kunya. Kuma ka san riƙo a gidanmu ba aro ba ne. In ka ba ni ita gaban Baba Illo, ƙanen mahaifinmu, ta zama tawa.

Yayarka, Halimatou

Yaya,

Na kira Baba Illo, ya shaida. Na ba ki ita duniya da lahira. Jirginta zai sauka ran Asabar.

Nassirou

Yaya Halimatou,

Ina gaisuwa, ya ɗawainiya? Magana ta mutu. Ashe ɗan Alhaji Issoufou ma yana cikin hoton, can baya, yanzu shi ke cewa ziyara ce ta ilimi. Safiya ta daina yi mini magana, gidan ya yi shiru. Lakwal ta buɗe, malamarsu na ta tambaya. Don Allah ki shirya Iklima ta dawo.

Ƙanenki, Nassirou

Nassirou,

Lafiya lau. Wato Issoufou ya yi maka izini ka so 'yarka. Madalla da uba. Duk da haka ban tsaya kan haƙƙina ba, don ina tausayin Safiya. Na zaunar da Iklima, na karanta mata saƙonka, na ce in tana so ni da kaina zan je in roƙi Baba Illo a warware.

Ta saurara har ƙarshe. Ta ce in gaida mamanta, amma ita tana nan wurina.

Ka huta lafiya.

Halimatou