Rumfar Igiyar Baba

Gwaggo Hasiya, don Allah ki agaje ni, kaina ya kulle. Mahaifina igiyar rama yake sayarwa a kasuwar Malanville. Tun ina ƙarama nake zama rumfarsa, ina kallon yadda yake naɗe bakin kowace igiya da zare don kada ta warware, makiyayan garin Guéné na tsaye suna ba shi labarin shanun da ciwon sammore ya kashe musu. Har yau ina jin ƙamshin ramar nan.

Yanzu ina bincike a Kwatano kan ƙwayar da ke kawo sammoren. Zaren gadonta, wato DNA, shi ma yana da baki, kuma akwai sinadaran da ke gyara shi in ya tsinke a wurin. A wajen gyaran ne ƙwayar kan sauya rigarta, jikin saniya ya kasa gane ta. Ranar da na yi wa Baba bayani ya yi dariya har da hawaye, wai duk bokon nan ashe sana'arsa na gada.

Ya rasu bayan sallar layya. Wata huɗu ke nan da na baro Kwatano nake buɗe rumfar, saboda Inna ta ce rufe ta kamar sake binne shi ne. An ba ni zuwa ƙarshen wata in koma aiki, ko a ba wani gurbina. Ƙanen mahaifina, Baba Kadiri, ya ce zai riƙe rumfar, amma shi igiyar roba yake sarowa, ya ƙona bakinta da ashana. Wallahi ba na iya kallo. In tafi ko in zauna?

'Yar mai igiya, Malanville

'Yata, Allah ya ji ƙan Baba. Inna ba ta yi laifi ba, kewa ce ke magana, ke ma kewar ce ta zaunar da ke. Amma rumfar ba za ta rufe ba, Kadiri na nan. Ƙyale shi da ashanarsa, igiyar roba ma tana ɗaure saniya.

Zauna da Inna, ki gaya mata abin da ya ba Baba dariya ranar nan. Ki yi mata alkawarin zuwa kowace salla, ki kuma cika. Sannan ki ɗauki igiya ɗaya da ya naɗe da hannunsa, ki rataye ta inda kike aiki.

Makiyayan nan ba za su rasa mai sayar musu da igiya ba. Abin da suke rasawa shi ne saniyar da za su ɗaura wa. Ki koma, 'yata. Allah ya sa albarka a aikinki, ya sanyaya zuciyar Inna.

Gwaggo Hasiya