Kulu da Ƙarfen da Ke Rataye a Bishiyar Bedi

Zuwa ga Shugaban makarantar firamaren unguwarmu, nan cikin garin Batsari,
tare da Malamar rabin aji,
da dattawan ƙungiyar iyaye da malamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da malaman da ke aiki tare da kai. Yaya ɗawainiya da yaranmu, yaya kuma damina? Allah Ya sa mu ga kaka lafiya.

Sunana Sale, mai gyaran keke a bakin hanyar da ta fita Safana. Ka san fuskata, don sau uku na zo ofishinka tun daga Larabar makon jiya. Ni ne mahaifin Hauwa'u, wadda muke ce wa Kulu, 'yar shekara huɗu da 'yan watanni, tana cikin 'yan rabin ajin da za su fara ranar Litinin mai zuwa. Na rubuto ne saboda bakina ya gaza. Duk zuwan da na yi, sai in fito ban faɗi rabin abin da ya kawo ni ba. Na kuma bar takardar a buɗe don a karanta ta a taron iyaye, saboda na san ba gidana kaɗai maganar ta shafa ba.

1. Shirin da muka yi

Kada a ɗauka mun jajibo yarinya ne kawai mun dire muku. Tun ruwan farko muke wannan shiri. Uwarta ta koya mata zagayawa da buta ita kaɗai, da wanke hannu, da sa hijabi ba a karkace ba. Ni na koya mata cewa a aji ba Kulu za a ce ba, Hauwa'u Sale za a kira, ita kuma ta miƙe ta ce na'am. Tana ƙirga har goma, ko da yake ita da bakwai ba sa ga maciji, daga shida sai ta dira kan takwas. Lokacin hutu na taka da ita daga gida zuwa ƙofar makaranta ya fi a ƙirga, ina nuna mata inda za ta tsaya in akori-kura ta taho. An ɗinka mata kayan makaranta da ɗan yalwa don ta girma a ciki. Takalmin kuwa sai da uwarta ta ɓoye shi cikin kwalla, don ba ta yarda a cire mata shi.

Duk zuwan nan da muke yi, ina ganin tsohon ƙarfen tayar motar da ke rataye a bishiyar bedi, wato dogon yaro, ta tsakar makaranta. Ina ganinsa da idona, amma hankalina bai taɓa kaiwa kansa ba. Wannan sakaci nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

2. Abin da na koya mata tun kafin wannan

Mu mutanen wani ƙauye ne a yankin Ruma, bakin daji. Ba sai na faɗa maka abin da ya taso mu ba. A can ma muna da irin wannan ƙarfe, rataye a tsamiyar ƙofar masallaci, amma ba don tashi tara irin na makaranta ake buga shi ba. In an ji ƙugin babura da yawa sun doso gari, shi ake bugawa. Da yake a gindin tsamiyar nake gyaran kekuna, yawanci ni ne mai bugun.

Tun da Kulu ta iya gudu na mayar mata da abin wasa. Dokokin wasan uku ne. In kin ji ƙarfe, ki ruga. Ki shige wurin da babba ba zai iya shiga ba. Kada ki amsa kira, ko muryar uwarki ce, ko tawa, domin mun san abin da akan sa uba ya yi in an ɗora masa bindiga a ƙeya. In na zagaya gida ina kiranta ta yi shiru, sai in ba ta dabino. Sau ɗaya tak na taɓa dukan yarinyar nan tun da aka haife ta, shi ne ranar da na kira ta amsa. Akwai alama ɗaya da take fitowa in ta ji, zan zo kanta a ƙarshe.

Bara, wata rana da la'asar, wasan ya zama gaske. Ta shige ƙarƙashin rumbun maƙwabcinmu, tsakanin duwatsu, inda kaji ke kwanciya, ba ta motsa ba har rana ta kusa faɗuwa. Allah Ya tsare ta, kuma darasin nan shi ne sanadi. Bayan kwana biyu muka kwaso abin da ya saura muka shigo gari. Gidan da muke zaune yana can bayan kasuwa, ƙarar ƙarfenku ba ta kaiwa, shi ya sa na ɗauka ta manta.

3. Abin da ya faru ranar Laraba

Manyan azuzuwa sun riga sun koma, mu kuma aka ce mu kawo ƙanana su ga ajinsu. Malama ta karɓe ta hannu biyu, ta ba ta alli, ta zaunar da ita a tabarma. Na ga Kulu ta duƙufa tana zana wani abu da ta ce saniya ce, sai na wuce ofis in miƙa takardar haihuwa. Ina tsaye a gaban teburinka lokacin tara ya yi, Baba mai gadi ya buga ƙarfe.

Ni kaina, ƙato da gemu, ban san sanda na kai bakin ƙofa ba. Kai ma ka gani, har ka tambaye ni ko lafiya. Kafin in isa ajin babu Kulu, sai takalmi ƙafa ɗaya a bakin baranda.

Malamai da ɗalibai suka bazu suna ƙwala kira, wannan ya ce Hauwa'u, wancan ya ce Kulu. Ina roƙonsu su daina, suna kallona kamar wanda ya zare. Ba laifinsu ba ne, ba su san duk kiran da suka yi ƙara danne ta suke yi a inda take ba. Aka duba bayan gida, aka duba ƙarƙashin bencina. Na hau acaɓa na je rumfata na ɗauko abin da nake fito da ita da shi, na fara da gonakin geron da ke bayan makaranta, ta wajen da katanga ta faɗi, don can na zata ta nufa. Sai da aka kusa kiran azahar na zagayo ta gaba ina ba da alamar nan. Daga cikin kwalbatin da ke ƙarƙashin titi, dab da ƙofarku, ta rarrafo ta fito, taɓo har ƙirji, allin yana dunƙule a hannunta. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Baba, ban amsa ba ko? Ina dabinona?"

Da la'asar ɗin ranar aka yi ruwa. Na dawo na tsaya a ƙofar makarantar ina kallon kwalbatin nan ya cika har ruwa yana tsallake titi. Tun daga ranar abinci bai yi mini daɗi ba.

4. Amsoshin da na samu

Zuwana na farko ka ce za a duba. Na gode, na tafi. Zuwa na biyu Malama ta ja ni gefe, da kyakkyawar niyya, ta ce ko dai mu bar ta sai baɗi, ko kuma a gwada kai ta wajen masu ruƙiyya. Zuwa na uku, jiya, ka ce ƙarfen nan ka tarar da shi ne, waɗanda suka gabace ka ma sun tarar da shi, ba za a sauya tsarin makaranta saboda yaro ɗaya ba. Ka ƙara da cewa daga ranar farko iyaye a bakin ƙofa suke tsayawa.

Ranka ya daɗe, da girmamawa nake faɗa: Kulu ba ta da iska, ba kuma shagwaɓa ba ce. Yarinya ce mai jin magana, abin da ubanta ya ce shi take yi. In na bar ta sai baɗi, ƙarfen yana nan rataye, ita kuma ta ƙara tsawon ƙafa, sai ta fi yin nisa. Maganar yaro ɗaya kuwa, ka tambayi Baba mai gadi. Da nake fita jiya ya riƙe mini hannu ya ce, "Wallahi ba ɗiyarka kaɗai ba ce. Duk sadda na buga ƙarhen nan ina ganin masu maƙewa jikin bango. Ni ma ba daɗin bugun nike ji ba." Waɗancan ba su ruga ba, shi ya sa ba a lura da su ba. Iyayensu kuma irinmu ne, baƙi a gari, kowa yana tsoron a ce ɗansa ne mai matsala a koro shi.

Ban zauna ina jira ba. Kullum da safe nakan ɗauki fartanya in ƙwanƙwasa ta da ƙusa a hankali a gabanta, in ce wannan tara ce, lokacin cin ɗanwake. Takan gyaɗa kai ta ce ta gane, amma ina ganin idonta yana laluben ƙarƙashin gado. Abin da na yi shekara ina dasawa ba zai tumɓuke a kwana huɗu ba, kuma kwana huɗun ne suka rage mini.

5. Abin da nake roƙo

Na ɗaya, a sauke ƙarfen, ko da na wannan zangon ne kawai. Na samo ƙararrawar hannu ta tagulla, irin wadda ake kaɗawa, muryarta ba ta yi kama da shi ba. Ni zan kawo ta, ba na neman komai daga makaranta.

Na biyu, in sauke shi ya gagara, a riƙa sanar da Malama kafin a buga, ta rufe ƙofa ta riƙe hannun Kulu. Wata rana in ta saba da wurin, a ɗaga ta ta buga shi da hannunta.

Na uku, a bar ni in zauna a gindin bedin nan makon farko. Ba zan leƙa aji ba. Zan zo da kayan aikina, duk malamin da kekensa ke kuka ya kawo, har da na Baba mai gadi da birkinsa ya daɗe da rasuwa.

Na huɗu, a ba mu izini mu iyaye mu yi gayya, mu sa raga a bakin kwalbatin, mu toshe inda katanga ta faɗi.

Na biyar, in ana rubuta sunan yaron da iyayensa suka taso daga ƙauye, bayan shekaru da sunan uba, a ƙara tambaya ɗaya: me yake tsoro? Da an yi mini wannan tambayar, da na tuna.

Na shida, in duk da haka ta ruga, don Allah kada a kira sunanta, kada kuma a doke ta in ta fito.

Saura alamar da na ce zan zo kanta. Daga ni sai uwarta muka san ta, ko ƙanena da muke ciki ɗaya ban faɗa masa ba. Ƙararrawar keke ce: a kaɗa sau uku, a dakata, a ƙara ɗaya. In ta ji wannan za ta fito ko daga ina. Na ɗaura wata a jikin ɗan itace don ta yi daɗin riƙewa, zan damƙa wa Malama ita ranar Litinin.

Na daɗe riƙe da biro kafin in rubuta wannan layin. Na san alamar da aka karanta a taro ta tashi daga sirri, in Allah Ya ƙaddara muka koma ƙauye ba ta da sauran amfani a wurinmu. Uwarta ta ce kada in rubuta. Na ce mata in za mu ba mutane amanar yarinya daga safe zuwa azahar, dole mu ba su abin da za su fito da ita da shi. Ba ni da wani abin da ya fi wannan daraja, kuma ga shi na ba ku.

Ranar Litinin da safe za mu zo, ita da takalminta ƙafa biyu, ni da ƙararrawa a aljihu. Shekaranjiya ta tambaye ni ko a makaranta ma ana ba da dabino in mutum bai amsa ba. Na ce mata a'a, a makaranta wanda ya amsa ake ba, kuma masu baburan nan ba za su zo ba. Ranka ya daɗe, rabin wannan alkawarin yana hannun Allah. Ɗaya rabin yana rataye a tsakar makarantarka, ina roƙonka kada ka bari in zama maƙaryaci a idon 'yata.

Allah Ya ƙara maka lafiya da haƙuri, Ya saka wa Malama da alheri kan allin da ta ba ta, Ya raya maka naka 'ya'yan cikin aminci, Ya sa kada su taɓa buƙatar irin darasin da na koya wa tawa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Sale mai gyaran keke, mahaifin Kulu.