A Tambayi Iya Kafin Azumi

Kabara, Birnin Kano,
Sha'aban, 2013.

Zuwa ga Baba Kolo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka duka. Allah Ya tsare ku, Ya kawo ƙarshen wannan fitina da ta addabi Maiduguri. Ka gafarce ni da na ɗauki biro na rubuto maka, ni da ko a gabanka ban iya ɗaga kai ba. Tun da aka yanke wayoyinku ba mu da hanyar jin muryarka, shi ya sa na roƙi Malam Ari direba ya kai maka wannan hannu da hannu. Mu nan lafiya lau, sai dai shingayen sojoji a ko'ina. Zuwa asibiti ma ya zama tafiyar yini guda.

Maganar Iya ce, mahaifiyarku kai da Babanmu. Tun da na gama jarrabawa ni nake zaman jinyarta, don haka ina wurin lokacin da likita ta yi wa Babanmu bayani. Ta ce ciwon dajin ya toshe hanji, kuma ya bazu inda aiki ba zai kai ba. Da ka tafi, ka bar umarni a yi mata duk abin da za a iya, sai aka fara ba ta abinci ta jijiya, wani farin ruwa kamar madara a cikin leda. Da farko ta ɗan ji ƙarfi. Yanzu kuwa likita ta ce jikin ya daina amfana da shi: ba ya taɓa ciwon, yana taruwa ne a ƙafafu da ƙirji, ga zazzaɓi daga wurin allurar. Ta ce ana iya ci gaba, ana kuma iya tsayarwa a mai da ita gida da maganin rage zafi, ana jiƙa mata baki, kuma yunwa ba za ta dame ta yadda muke tsoro ba. Amma ta ce mai jikin ya kamata a fara tambaya.

Baba, ba wanda ya gaya wa Iya sunan ciwonta. Ka san gidanmu, ba a faɗa wa mara lafiya irin wannan, sai dai a ce da sauƙi. 'Yan dubiya suna ganin kumburin su ce ma sha Allah, Hajiya ta yi ƙiba, ruwan ya karɓe ta. Gwaggo Hajo har ta yi sadakar ƙosai don murna. Ranar nan kuwa sai da aka yanke zoben azurfar Iya, don ya shige cikin yatsa. Da 'yan dubiya suka fita ta kalle ni tana haki, ta ce wace irin ƙiba ce wannan da ba ta barin mutum ya yi sujada? Ta ce ni 'yar boko in faɗa mata abin da masu fararen riguna ke turantawa a kanta. Na sunkuyar da kai, na ce ban ji sosai ba. Ta yi dariya, ta ce haka Babanmu ma ya kurumce.

Kullum tana cewa a kai ta ɗakinta ta ga watan azumi a can. Babanmu ya ce shi ƙane ne, ba zai cire abin da yayansa ya sa ba, balle unguwa ta ce ya kashe uwarsa da yunwa. Likita tana jiranmu, mu muna jiranka, Iya tana ɗaure da leda.

Ba cewa nake a cire ba, ban isa ba. Roƙona shi ne ka aiko da izini ta bakin Malam Ari a gaya mata gaskiya, a bar ta ta zaɓa tun tana iya magana. Numfashinta yana raguwa.

Ka gaishe da Inna Zara da Yaya Shehu da Hauwa ƙarama. Babanmu bai san na rubuto ba. In laifi ne, nawa ne ni kaɗai. In ka yarje mini, zan so in sake rubuto maka, in faɗa maka abin da Iya ta ce da bakinta.

'Yarka,
Bintu Bukar