Kwamfaresa Ba Bidon Ruwa Ba Ce

Yaya Aisami,

Na tarar kana barci ban tashe ka ba, babban injiniya irinka ai sai da hutu. Na wuce Gidigir wurin rijiyar da kwamfaresa, injinmu na fasa dutse.

Na gano abin da ya yi ta kashe ta jiya muna tsakiyar aikin rijiya. Ba man gazuwal ɗin da Isufu ya sayar mana ba ne, da ka tsaya gaban mutane kana rantsuwa ya haɗa shi da ruwa. Na tsiyaya a kwalba na duba, fes yake. Filta ma lafiyarta lau.

Jiƙaƙƙen buhun nan ne da ka naɗe ta da shi, wai ta sha sanyi kamar bidon ruwanmu, jarkar nan da muke naɗewa. Sannu da dabara! Ta gefen nan take shaƙar iska, kai kuwa ka toshe shi ruf. In zafi ya yi mata yawa sai ta tsaya da kanta don kada ta ƙone, kai kuma ka ƙara yayyafa ruwa. Na cire buhun na tayar da ita, ko tari ba ta yi ba.

Mai gari ya ce in dutsen rijiyar bai fashe yau ba, mutanen Bune zai ba aikin. Kai dai ka je ka ba Isufu haƙuri kafin azahar, gobe ma wurinsa za mu sha mai.

Buhunka na kan igiya. In rana ta take, ka ɗaure hancinka da shi ka ɗauki diga. In na dawo ka ba ni labarin sanyin.

Ƙaninka,
Ibram