Kujerar Dakta Kure

Mpape, Abuja
Satumba, 2008

Yaya Hadijatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna? A ce mata ban manta da man zafin ba. Mu nan lafiya, sai abin da zan faɗa miki.

Kin san tun Abuja ba ta cika haka ba nake shagon nan na Wuse, ina sayar da labule da kujeru, ina zuwa gidajen Maitama ina tsara wa mutane falo. Yanzu gine-gine sun yi yawa, shago ya girma, Oga Albert mai shagon ya samu abokan hulɗa. Su ne suka ce duk wanda zai tsaya gaban mai saye sai da digiri. Wanda bai kawo shaidar kammalawa ba kafin sabuwar shekara, za a sallame shi. Ban yi musu ba, wataƙila suna da gaskiya.

Tun da aka fara raɗe-raɗin maganar nake zuwa karatun Asabar da Lahadi. Na so in karanta adon cikin gida, tunda shi hannuna ya sani, amma ban samu inda ake yinsa a ƙarshen mako ba, sai na ɗauki ilimin kasuwanci. Shi kuwa karatun malamai ne. Abu ɗaya ya rage mini, gwajin koyarwa: in riƙe aji na wasu makonni, jami'a ta turo malami ya zauna a baya ya ba ni maki.

Prudence, wadda muke aji ɗaya, ta ce ba haka ake yi ba. Wai ka samu makarantar kuɗi a cikin gari, a buga maka hatimi, ran da mai dubawa zai zo a kira ka, ka shiga ka yi darasin da aka riga aka haddace wa yara. Da na ce a'a, sai ta ce, to Hajiya, in kin shiga aljanna ki ajiye mini wuri kusa da fanka. Yaya, ki duba fa. Masu wannan aikin ne za su fito da takardar malanta.

Na ɗauki hutu. An tura ni wata ƙaramar sakandare wajen Paikon Kore. Ko wauta na yi, ban sani ba.

Ki gaishe da kowa.
Ƙanwarki,
Maimunat

Mpape
Oktoba, 2008

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce Inna ta fara takawa.

Ina koyarwa. Ga ni da alli a hannu, ni da na shekara arba'in. Kullum da yamma ina rubuta abin da na yi daidai da abin da na ɓata, kamar yadda na saba, kuma ɓangaren ɓatawar ya fi tsawo. Amma da muka zo darasin saye da sayarwa, na sa suka kawo doya daga gida, muka mayar da aji kasuwa. Wata yarinya, Lucia, ta sayar mini da doya mai rami ban lura ba, suka yi ta dariya har aka leƙo daga ajin gaba.

Shugaban makarantar, Malam Jacob, dattijo ne mai kirki. A nan al'adarsu ce, duk lokacin da ake jiran mai dubawa, a ajiye masa kujera a bayan aji. Kujerar kirki ɗaya ce a makarantar, ta ofishinsa. Kullum da safe yana sa a kawo ta, shi ya zauna a benci. Ya ce gindinsa ya saba, na Dakta ne bai saba ba.

Daktan shi ne Dakta Kure, wanda jami'a ta ba shi sunana. Bai zo ba. Ya je wa su Prudence a cikin gari tuntuni. Shekaranjiya ya kira ni, ya ce hanyar ƙauyen nan ba ta motarsa ba ce. Sannan ya ce ya ji labule ne aikina, ga shi ya gama gini a Gwarinpa, Madam ɗinsa ta rasa wanda zai tsara mata tagogi. In zo Asabar, sai mu yi komai a can.

Na tambaye shi wane komai. Ya ce, haba Hajiya, ai ke ba yarinya ba ce.

Idan babu makinsa babu digiri, idan babu digiri babu aiki, ga yara biyu a makaranta. Na juya maganar ta kowane gefe, ƙazanta ce dai. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Maimunat

Mpape
Nuwamba, 2008

Yaya Hadijatu,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ba zan ja miki rai ba: na je.

Ina bisa tsani da tef ɗin awo a hannu, Madam tana riƙe mini ɗaya bakin, Dakta yana zaune a kujerar da ko ledarta ba a cire ba, yana cike takardar makina a kan gwiwa. Ya tambaye ni sunan makarantar. Ya tambayi darasin da zan so a ce na koyar. Madam tana cewa ita ruwan zinariya take so irin na gidan maƙwabciyarta, ina ce mata zai yi wa fentin nauyi, shi kuma yana rubuta cewa ina da iko da aji.

Ya ba ni babban maki, daidai da na Prudence. Amma ya ce ba a barin wurin gyara babu komai, za a yi zargi. Sai ya ɗan yi tunani, ya rubuta cewa in riƙa ɗaga murya domin na baya su ji.

Yaya, mutumin da bai taɓa ganin ƙofar ajina ba. Na sauko na karɓi ruwan da Madam ta ba ni, har na yi godiya. Wannan godiyar ce ta fi tsaya mini a rai. Kuma kin san halina: duk hanyar gida ina tambayar kaina ko da gaske na baya ba sa ji.

Aikina zai tsaya. Oga Albert ya ce in kawo takardar in ta fito, za a sa ta a gilashi a rataye inda masu saye za su gani. Ni ba na son ganinta.

Saura mako guda, kuma na koma zan ƙarasa, ko da yake ba wanda zai tambaya. Litinin da safe na tarar an goge kujerar an ajiye ta a baya kamar kullum. Na je na ce wa Malam Jacob ya sa a mayar masa da abarsa, an riga an duba ni. Ya kalle ni, bai tambayi inda aka yi ba. Ya ce to, Malama, Allah ya sa an ci.

Da aka ɗauke ta, na tsaya a gurbin na sa Lucia ta yi karatu daga gaban allo. Ana ji sarai.

A gaishe mini da Inna. Wannan kada ki karanta mata.

Ƙanwarki,
Maimunat